Ƙidayar Awa: Halin da Ma'aikatan Rumbunan Kayan Intanet Ke Ciki

Rumbun kayan da ake sayarwa ta intanet ƙaton gini ne shimfiɗaɗɗe, galibi a bayan gari, kusa da babbar hanya ko filin jirgin sama, inda tireloli ke shiga da fita dare da rana. A cikinsa ne odar da mutum ya yi da wayarsa take zama kwali. Kamfanin da ya fi suna a wannan harka shi ne Amazon, wanda Jeff Bezos ya kafa a 1994 a jihar Washington ta Amurka, ya fara da sayar da littattafai. Yanzu yana da ma'aikata wajen miliyan 1.5 a faɗin duniya, mafi yawansu a rumbuna da ɓangaren jigila, kuma a Amurka Walmart ne kaɗai ya fi shi yawan ma'aikata a cikin kamfanoni masu zaman kansu. Shi ya sa duk lokacin da aka tayar da maganar yadda ake tafiyar da ma'aikatan wannan sana'a, sunansa ake fara kira.

Aikin rumbu kashi-kashi ne. Akwai masu sauke kaya daga mota, akwai masu jera su a kanta, akwai masu tsinto abin da aka yi oda, sai masu ɗaurewa a kwali, sai masu loda wa motocin rarrabawa. Rumbu ɗaya, kamar na Staten Island a birnin New York, ya fi filin ƙwallo 10 faɗi, kuma mutum dubbai ne ke aiki a ciki. A wurare da dama ana yin awa 10 a yini, kwana huɗu a mako. Idan lokacin rububin ciniki ya zo, wato ƙarshen shekara ko ranakun rangwame na Prime Day, sai a tilasta ƙarin lokaci, har makon mutum ya kai awa 55 ko 60.

Abin da baƙo zai fara mamaki shi ne yadda ake jera kaya. Ba a ajiye takalma a gefe guda, littattafai a wani. Man goge baki yana iya zama kusa da cajar waya, kusa da abincin kyanwa. Mai jera kaya yana saka abu duk inda ya ga sarari, ya haska lambar kayan da ta gurbin da 'yar na'urar da ke hannunsa, kwamfuta ta riƙe. Wannan dabara tana rage ɓarnar wuri, amma tana da wani sakamako a kan ma'aikaci. Yaron shago a kasuwa yana da daraja saboda ya san inda kowane kaya yake, maigida ba ya son rabuwa da shi. A rumbu, kwamfuta ce ta san komai. Wanda ya shekara biyar da wanda ya zo shekaranjiya duk umarnin allo suke bi, don haka maye gurbin mutum ba ya wuce horon 'yan kwanaki.

Wannan 'yar na'ura ta hannu ita ce heluman rumbu. Ita ke faɗa wa mutum kanta ta gaba, ita kuma ke ƙirga abin da ya ɗauka a kowace awa. A 2013 wani ɗan jaridar BBC ya ɓad da kama ya shiga aiki a rumbun Amazon na Swansea da ke Birtaniya. A dare ɗaya na awa 10 da rabi ya taka kusan kilomita 18, na'urar tana ba shi daƙiƙa 33 a kan kowane kaya, tana ƙirga masa saura nawa, tana ƙara idan ya yi kuskure. Bayan ƙidayar kaya akwai ƙidayar lokacin da hannu bai taɓa aiki ba. Da zarar an ɗan jima ba a haska lamba ba, agogo ya fara tara mintoci a sunan ma'aikaci, ko banɗaki ya je, ko bel ɗin da ke jan kaya ne ya tsaya, ko manaja yake jira. Idan mintocin suka taru, sai a kira shi ya yi bayani. Daga nan takardar gargaɗi, daga gargaɗi sai sallama. Takardun da mujallar intanet ta The Verge ta samo a 2019 sun nuna cewa a rumbun Baltimore kaɗai an sallami mutum wajen 300 cikin kimanin shekara guda saboda rashin cika ƙidaya.

Kamfanin yana musanta cewa yana yanka wa kowa adadi tsayayye. Ya ce yana auna kowane ma'aikaci ne da takwarorinsa na wuri ɗaya, kuma kaɗan ne ake sallama ta wannan hanya. A 2021 ma ya sassauta yadda ake lissafin mintocin da ba a kan aiki ba. Sai dai auna mutum da takwarorinsa ba sauƙi ba ne ga ma'aikaci. Idan na ƙasan jeri ne ke shan gargaɗi, to kullum akwai na ƙasa, kuma duk ranar da kowa ya ƙara sauri don ya tsira, mizanin ma ya matsa gaba.

A 2012 Amazon ya sayi kamfanin Kiva mai ƙera mutum-mutumi a kan dala miliyan 775. Waɗannan injuna ba su da siffar mutum. Gajeru ne masu taya, suna shiga ƙarƙashin kanta su ɗaga ta, su kawo ta gaban ma'aikaci. An huta da doguwar tafiya, gaskiya ne. Amma mai tsintar kaya yanzu yana tsaye wuri guda, kanta na tafiya wata na zuwa, shi kuma yana miƙa hannu sama, ya durƙusa, ya hau 'yar matakala, ya juya ya jefa a kwando, ya sake. Binciken da cibiyar 'yan jarida ta Reveal ta fitar a 2020, bisa takardun cikin gida na kamfanin, ya nuna ƙidayar masu tsinta ta tashi daga wajen kaya 100 a awa zuwa 300 ko 400 a rumbunan da ke da injuna, kuma raunuka masu tsanani sun fi yawa a can. Tafiyar da aka cire, duk da wahalarta, ita ce ke ba kafaɗa da wuyan hannu damar sararawa tsakanin kaya da kaya.

Ciwon rumbu ba kasafai yake zuwa da jini ba. Ciwon baya ne, da kafaɗa, da gwiwa, da jijiyar wuyan hannu, irin wanda ke taruwa a hankali har ranar da mutum zai kasa ɗaga ɗansa. Bezos da kansa, a wasiƙarsa ga masu hannun jari a Afrilun 2021, ya amsa cewa kusan kashi 40 cikin 100 na raunukan aiki a kamfanin na jijiya da gaɓɓai ne, ya kuma yi alkawarin mayar da kamfanin wurin aikin da ya fi ko'ina aminci a duniya. Wata gamayyar ƙungiyoyin ƙwadago ta Amurka ta tattara alƙaluman da kamfanin ke miƙa wa gwamnati, ta gano cewa a 2021 an samu raunuka masu tsanani 6.8 a kan kowane ma'aikaci 100 a rumbunan Amazon, alhali a rumbunan sauran kamfanoni 3.3 ne. A Disambar 2024 kwamitin majalisar dattawa da Sanata Bernie Sanders ke jagoranta ya fitar da rahoton da ya ce binciken cikin gida na kamfanin ya gano alaƙa tsakanin sauri da rauni, amma shugabanni suka ƙi karɓar shawarar rage saurin. Amazon ya yi watsi da rahoton, ya ce an dogara da tsofaffin takardu, ya kuma ce ya kashe fiye da dala biliyan 1 a kan kare lafiyar ma'aikata tun 2019 kuma raunuka na raguwa. Alƙaluman sun nuna raguwar. Gardamar da ta rage ita ce da wa ya kamata a kwatanta kamfanin, domin girmansa ya sa shi kansa babban kaso ne na matsakaicin da ake auna shi da shi.

Zafi ma ya daɗe a cikin koke-koken. A 2011 jaridar Morning Call ta jihar Pennsylvania ta ba da labarin rumbun Breinigsville, inda zafin ciki ya haura digiri 38 a lokacin bazara. Maimakon a buɗe ƙofofin lodi iska ta shiga, an bar su a rufe saboda tsoron sata, aka ajiye motocin ɗaukar marasa lafiya a waje suna jiran wanda zai faɗi. Bayan labarin ya bazu, kamfanin ya kashe dala miliyan 52 ya saka na'urorin sanyaya iska a rumbunansa. Shekara 13 bayan haka, a 2024, hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta Indiya ta nemi bayani kan rumbun Manesar a jihar Haryana, inda aka ce an sa ma'aikata sun yi alkawarin ba za su sha ruwa ko su je banɗaki ba sai sun gama sauke motoci, ana tsakiyar tsananin zafi. A Disambar 2021 kuwa guguwa ta rusa wani rumbun rarraba kaya na kamfanin a Edwardsville ta jihar Illinois, mutum shida suka rasu, abin da ya tayar da tambaya a kan wuraren fakewa a irin waɗannan gine-gine.

Maganar banɗaki ta zama abin kunya ga kamfanin. Ɗan jaridar Birtaniya James Bloodworth, wanda ya yi aiki a rumbun Rugeley ya kuma rubuta littafin Hired a 2018, ya ce ya tarar da kwalbar fitsari a kan kanta. A gini mai hawa da yawa, zuwa banɗaki da dawowa yana iya cin mintoci 10, agogo kuma yana lissafi. A Maris 2021 kamfanin ya yi wa wani ɗan majalisar wakilai, Mark Pocan, ba'a a Twitter saboda ya ambaci zancen kwalabe. Kwanaki kaɗan bayan nan ya nemi afuwa, ya amsa cewa direbobinsa kan rasa inda za su kewaya, ko da yake ya ce a rumbuna akwai banɗakuna isassu.

Akwai kuma lokacin da ake ci wa ma'aikaci ba a biya. Wasu leburorin kwangila da ke aiki a rumbunan Amazon a jihar Nevada sun kai ƙara cewa suna shafe har minti 25 a layin bincike kafin su fita bayan an tashi, ana duba ko sun ɗauki wani abu. A Disambar 2014 Kotun Ƙolin Amurka, da bakin alƙalanta tara gaba ɗaya, ta ce dokar tarayya ba ta wajabta a biya wannan lokaci ba, tunda binciken ba ya cikin ainihin aikin da aka ɗauki mutum ya yi.

Ta fuskar albashi, hoton ya sha bamban. A Nuwambar 2018, bayan matsin lamba daga 'yan siyasa da ƙungiyoyi, Amazon ya mayar da mafi ƙarancin albashinsa a Amurka dala 15 a awa, alhali na gwamnatin tarayya yana dala 7.25 tun 2009. A 2024 ya ce matsakaicin ya haura dala 22. Yana ba da inshorar lafiya tun ranar farko, yana taimaka wa mai son ƙaro karatu, kuma yana ɗaukar mutum ba tare da neman takardun makaranta ko doguwar ganawa ba. A garuruwan da masana'antu suka mutu, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma akwai ma'aikata da yawa da ke cewa sun gode. Duk da haka mutane ba sa zama. Binciken jaridar New York Times a 2021 ya nuna cewa tun kafin annobar korona kamfanin yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na masu aikin awa a kowane mako, wato kimanin kashi 150 a shekara. Ma'ana, a lissafi, rumbu yana sake mutanensa gaba ɗaya cikin wata takwas. Har wata takardar cikin gida da ta fito fili a 2022 ta yi hasashen cewa in aka ci gaba a haka, kamfanin zai iya rasa waɗanda zai ɗauka a Amurka. Wannan shiga da fita tana da tsada, amma tana da riba ta wani gefen: wanda bai daɗe ba albashinsa bai hau ba, kuma bai san abokan aikinsa sanin da za su haɗa kai ba.

Wurin da aka fara ganin haɗin kan da ya sa shugabanni suka zauna da ma'aikata a Amurka shi ne rumbun Shakopee a jihar Minnesota. Da yawa daga ma'aikatansa Musulmi ne 'yan asalin Somaliya da sauran ƙasashen gabashin Afirka, cikinsu har da mata masu yawa. Ba a hana su salla ba. Abin da ya faru shi ne mintocin alwala da salla suna fita daga awar da ake ƙirga musu, don haka wanda ya idar da azahar sai ya dawo ya ninka sauri don ya cike giɓi. Da azumin 2018 ya zo, ga ƙishi ga shirin rububin Prime Day, sai suka haɗu ƙarƙashin wata cibiya mai suna Awood, kalmar da ke nufin ƙarfi a harshen Somali. Kamfanin ya ware wurin salla, ya ɗan sassauta a watan azumi, ya kuma gana da wakilansu, abin da ba a saba gani ba. A Yulin 2019 wasunsu suka ajiye aiki a ranar Prime Day kanta. A 2023 majalisar jihar ta yi dokar da ta hana a ɗora wa ma'aikacin rumbu ƙidayar da za ta tauye masa lokacin cin abinci, ko hutu, ko banɗaki, ko ibada.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne waɗanda ba kamfanin ne ya ɗauke su kai tsaye ba. A 2013 tashar talabijin ta ARD a Jamus ta nuna yadda ake tsare leburorin wucin gadi da aka kwaso daga ƙasashen Turai zuwa rumbun Bad Hersfeld, masu gadi na shiga ɗakunansu suna bincike. Kamfanin ya soke kwangilar masu gadin. A Oktobar 2023 ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto kan 'yan ƙasar Nepal da ke aiki a rumbunan Amazon a Saudiyya. Dillalan aiki sun karɓi kuɗi masu yawa a hannunsu, wasu sun ci bashi suka biya, an ce musu Amazon ne zai ɗauke su, da suka sauka sai suka ga ashe a hannun ɗan kwangila suke. An ajiye su a ɗakuna masu cunkoso da ƙazanta, kuma wanda aikinsa ya ƙare ba ya iya sauya wurin aiki ko komawa gida sai ya biya tara. Duk wanda ya san labarin 'yan Afirka da ejan ke kai wa aikatau ƙasashen Larabawa ya san wannan tarko. A Fabrairun 2024 Amazon ya ce ya mayar wa fiye da mutum 700 kuɗinsu, jimilla dala miliyan 1.9.

Ba Amazon kaɗai ke da wannan tabo ba. A Koriya ta Kudu, hukuma ta tabbatar a 2021 cewa yawan aiki ne ya kashe wani matashi ɗan shekara 27 da ya rasu bayan ya tashi daga aikin dare a rumbun kamfanin Coupang, wanda ya yi suna da kai kaya kafin gari ya waye. Duk inda aka yi wa mai saye alkawarin gobe da safe, akwai wanda zai kwana a tsaye.

Kafa ƙungiyar ƙwadago a rumbunan Amazon ya zama gwagwarmaya mai tsawo. A Jamus ƙungiyar ver.di tana yajin aiki lokaci-lokaci tun 2013, tana neman a biya ma'aikata bisa yarjejeniyar masu sayar da kaya, kamfanin kuma yana cewa shi harkar jigila yake yi. A Bessemer ta jihar Alabama an kaɗa ƙuri'a a 2021, mutum 1,798 suka ce a'a, 738 suka ce e, amma hukumar ƙwadago ta soke zaɓen, musamman saboda akwatin wasiƙa da aka kafa a harabar rumbun, inda ma'aikata ke jin kamar ana kallon wanda ya jefa ƙuri'a. A Staten Island labarin ya bambanta. Chris Smalls, wanda aka sallama a Maris 2020 ranar da ya jagoranci zanga-zanga kan matakan kariya daga korona, ya koma tashar bas da ke gaban rumbun shi da abokansa, suka kafa tanti, suna raba abinci, suna magana da ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. A ranar 1 ga Afrilu 2022 suka ci zaɓe da ƙuri'a 2,654 a kan 2,131, nasara ta farko irinta a Amurka. Kamfanin ya ƙalubalanci sakamakon, aka shiga shari'a, shekaru suka wuce ba a zauna teburin ciniki ba. A shekarar 2022 kaɗai ya biya ƙwararrun da ke shawo kan ma'aikata su guji ƙungiya fiye da dala miliyan 14. Hujjarsa ita ce ya fi son ya yi magana da ma'aikatansa ba tare da ɗan tsakiya ba. A Coventry ta Ingila an yi yajin aikin farko na hukuma a Janairun 2023, bayan an ƙara wa ma'aikata rabin fam kacal a awa ana cikin tsadar rayuwa, amma a Yulin 2024 ƙungiyar GMB ta faɗi zaɓen neman a amince da ita da tazarar ƙuri'a 28. A lardin Quebec na Kanada kuwa, ma'aikatan rumbun Laval sun kafa ƙungiya a 2024, a Janairun 2025 kamfanin ya sanar da rufe rumbunansa bakwai na lardin gaba ɗaya, ya ce matakin ba shi da alaƙa da ƙungiyar.

Da shigar ƙungiyoyi ta yi wuya, sai hankali ya koma kan doka, kuma dokokin sun nufi ƙidayar kai tsaye. Jihar Kaliforniya ce ta fara, da dokar da ta soma aiki a Janairun 2022, wadda ta wajabta a ba kowane ma'aikacin babban rumbu ƙidayarsa a rubuce, a faɗa masa abin da zai biyo baya in ya gaza, a kuma hana ƙidayar da za ta toshe hutu ko banɗaki. New York da Washington da Minnesota suka biyo baya. A Yunin 2024 Kaliforniya ta ci tarar Amazon dala miliyan 5.9 saboda rumbuna biyu da ba a ba ma'aikata wannan takarda ba. Kamfanin ya ce tunda ba shi da adadi tsayayye babu abin da zai rubuta, jami'an jihar suka ce auna mutum da takwarorinsa shi ne ainihin ƙidayar da dokar take nufi.

Faransa ta biyo ta wata ƙofa, ta haƙƙin sirri. A Janairun 2024 hukumar kare bayanai ta ƙasar, CNIL, ta sanar da tarar yuro miliyan 32 a kan reshen rumbunan kamfanin. Ta gano cewa na'urar hannu tana rubuta duk tsayawar da ta kai minti 10, tana rubuta ƙananan tsayawa daga minti ɗaya zuwa 10, har ma tana yin alama idan mutum ya haska kaya biyu cikin ƙasa da daƙiƙa 1.25, wai ya yi saurin da zai jawo kuskure. Hukumar ta ce wannan sa ido ya wuce kima, domin yana iya sa mutum ya riƙa ba da hujjar kowace tsayawa. Kamfanin ya ƙi yarda da hukuncin, amma ya daina amfani da alamar daƙiƙa 1.25, ya kuma ɗaga iyakar tsayawa daga minti 10 zuwa 30. A jihohin Amurka kuwa, babu ɗaya daga cikin sababbin dokokin da ta yanka adadin kayan da ya halatta a nema daga mutum a awa guda. Sun tsaya ne a kan a sanar da ma'aikaci adadin, a kuma bar masa hutunsa.